Kwafi Uku Da Jerin Manhajojin Ofis

A kamfanin jigilar kayan da yake aiki, in baƙo ya ce yana neman magatakarda sai a tsaya ana kallon juna. In kuwa ya ce Kwafi Uku, ko mai gadi zai kwatanta masa: hawa na biyu, ƙofar ƙarshe a hannun hagu, ɗakin da fankarsa ke kuka. A nan ya yi shekara talatin da uku tsakanin kabad goma sha ɗaya na ƙarfe da durowar katuna, kuma a duk tsawon shekarun nan takarda ko ɗaya ba ta taɓa ɓacewa a hannunsa ba. Ba ya alfahari da gida, ba ya alfahari da sutura. Da wannan kaɗai yake alfahari, shi ma ba da baki ba. In an faɗa a gabansa sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Aiki ne."

Halin tun yana ƙarami yake da shi. Mahaifinsa tela ne. Yana ɗan shekara takwas ya zazzage maɓallan shagon gaba ɗaya a kan tabarma, ya raba su gwangwani-gwangwani, masu huda biyu daban, masu huda huɗu daban, ya liƙa wa kowane gwangwani takarda. Ya sha duka a ranar, domin akwai rigar da ake jira. Bayan mako guda mahaifin nasa ya sayo masa ƙarin gwangwanaye.

Sunan kuwa a zamanin tafireta ya samo shi. Kowace wasiƙa sai ya jera takarda uku da kabon a tsakani: fara ta fita, rawaya ta shiga fayil, ta ukun ta tafi kabad na goma sha ɗaya, wanda ya rubuta wa Ko-ta-kwana a ƙofa. Abin bai tsaya a ofis ba. Makullin gidansa uku ne, katin asibitin yaransa uku-uku. Matarsa har yau tana ajiye da wasiƙar farko da ya aiko mata kafin su yi aure, kuma duk baƙuwar da ta saba da ita sai ta nuna mata.

"Dubi saman nan," takan ce. "Lambar wasiƙa ce. Ni kaɗai ce matar da aka so da lamba."

"Ke kika sami ta asali," shi kuma yakan amsa daga inda yake zaune. "Me kike nema kuma?"

Shekara tara da suka wuce aka ɗauke tafireta aka kawo kwamfuta guda ɗaya ɗakin rajista, a kanta kowa zai riƙa buga wasiƙa da takardun fitar da kaya. Kwafi Uku bai yi gardama ba. Ya zauna, ya kama linzamin kwamfutar da yatsu biyu kamar mai ɗaga mataccen ɓera, ya danna maɓallin da ke kusurwar allo ta ƙasa kamar yadda aka nuna masa. Jerin manhajoji ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. 'Yan hotuna ne barkatai, kowane da sunan da ba ya faɗa maka aikinsa, wasu ma haruffa ne da lambobi kawai. Abin buga wasiƙa yana maƙwabtaka da wasan karta.

"Wa ya jera wannan?" ya tambayi wanda ya kawo kwamfutar.

"Haka take zuwa, Baba."

"To ba haka za ta zauna ba."

Abu uku ya nemi a koya masa: yadda ake yin folda a cikin jerin, yadda ake jan hoto a kai shi wani wuri, da yadda ake canza masa suna. Daga baya ya gano yadda ake kwafi da kansa, ranar kuwa har ƙofar gida yana murmushi.

Wata biyu ya yi yana aikin. Ya sayi baƙin littafi mai kauri, ya ja layuka da rula: lamba, sunan da abin ya zo da shi, sunan da aka ba shi, inda aka ajiye shi, kwanan wata. Manhajar rubutu ta zama Mai Wasiƙa. Wadda ke da akwatuna ta zama Mai Layi-layi. Akwai Mai Hoton Takarda, akwai Mai Takardar Ƙofa, akwai Mai Lambar Mota. Wadda ke faɗowa kan allo kowace safiya tana neman a sabunta ta, ya sa mata Mai Naci. Duka-duka arba'in da bakwai. Ya kwashe su daga inda suke, ya raba su folda-folda bisa tafiyar aikin yini: na safe, na lokacin lodi, na kafin tashi. Sannan ya yi abin da ya saba. Kowace ya yi mata kwafi biyu, ɗaya a foldar Ajiya, ɗaya a foldar Ko-ta-kwana.

A nasa tunanin, 'yan hotunan nan su ne manhajojin kansu, kamar yadda takarda take ita ce takarda. In hoto ya tafi, manhaja ta tafi. Saboda haka bai taɓa goge ko ɗaya ba. Wadda ta daina amsawa in an danna ta, sai ya rubuta a littafi ya mayar da ita foldar Rufaffu, kamar fayil ɗin wanda ya bar aiki.

Wasan karta ne kaɗai ya ba shi wahala. Ya sa masa suna Ba Na Ofis Ba, ya binne shi a folda cikin folda cikin folda, ta ƙarshen ya rubuta mata Tsoffin Dokokin Kashe Gobara don kada kowa ya yi sha'awar buɗewa. Kwana uku Direba ya tono shi. Direba babban mutum ne mai furfura a gemu, shekararsa ashirin yana jan motar Manaja, kuma in Manaja na taro ba shi da wurin zama sai ɗakin rajista.

"Malam, na zo karatun gobara," yakan ce yana jan kujera.

"Allah ya shirye ka."

"Amin, tare da mai ɓoyewa."

Sannu a hankali ofis gaba ɗaya ya koma yaren Kwafi Uku. Ba mai cewa komai sai "buɗe Mai Layi-layi", "Mai Naci ta taso". Manaja da kansa ya taɓa tambayar wani babban baƙo ko su ma da Mai Wasiƙa suke aiki, baƙon ya ce a'a, su masinja ne da su mai babur.

Haka aka tafi har ritaya ta zo. Aka sa ranar Alhamis zai miƙa aiki ga wata ma'aikaciya da aka ɗauko daga sashen lodi. Shekararta talatin da wani abu, 'ya'yanta biyu, kuma saboda yadda take buga madannai ba ta ko kallonsu ake ce mata Malama Sauri. Takardar miƙa aikin shafi goma sha huɗu ce, shi ya tsara ta. Layi na ƙarshe yana cewa: manhajoji arba'in da bakwai, kowace kwafi uku, cikakku. Manaja kuma ya yi alkawarin ba shi takardar yabo a gaban ma'aikata, har ya karanta masa jimlar da za a sa a ciki: shekara talatin da uku bai ɓatar da komai ba. Kwafi Uku ya ce, "Aiki ne, ranka ya daɗe," amma a hanyar gida sai da ya tsaya ya sayi firam.

Ranar Laraba ya tafi ɗaukar hoton katin 'yan ritaya, karo na farko da ya bar ɗakin da rana tun haihuwar autarsa. A ranar ne Manaja ya kira Injiniya ya duba kwamfutar don sabuwar magatakarda ta same ta garau. Injiniya mutum ne mai son aikinsa. Ya buɗe jerin, ya ga Mai Wasiƙa, ya ga Mai Wasiƙa, ya sake ganin Mai Wasiƙa. Ya ce lallai wannan kwamfuta ta sha wuya. Ya share foldojin gaba ɗaya, yana zaton na asalin suna nan a inda kamfanin da ya ƙera ta ya sa su, ya zubar da kwandon shara, ya goge allon da tsumma, ya kama hanyar wani gari inda ake jiransa.

Alhamis ƙarfe bakwai da rabi Kwafi Uku ya iso cikin sababbin kaya, firam a hammata. Ya kunna kwamfuta, ya danna kusurwa.

Jerin ya buɗe fayau. Abu ɗaya ne a ciki: wasan karta, wanda Direba ya ja wa kansa kwafi zuwa sama tun bara don ya huta da tono.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Ya leƙa bayan allon. Da Malama Sauri ta shigo ta same shi a tsaye, hannu ɗaya a kan kabad, baƙin littafin a buɗe.

"Baba, ina kwana? Lafiya?"

"Ɗari da arba'in da ɗaya," ya ce. "A yini ɗaya. Hoto kawai na je ɗauka."

Kafin ƙarfe takwas ɗakin ya cika. Mutanen lodi suna neman Mai Takardar Ƙofa, motoci huɗu na jira a bakin get. Manaja ya shigo da takardar yabon da ya rubuta da hannu yana neman a buga, sai aka gaya masa Mai Wasiƙa ma tana cikin waɗanda suka tafi. Direba ya leƙa allon ta kan kafaɗar mutane.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Mai muhimmancin ya tsira."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Aka kira Injiniya a waya, Kwafi Uku ya karɓa.

"Injiniya, ina kayan da na bari jiya?"

"Wane kaya, Baba? Au, tarkacen nan? Ai na share maka su. Ba ka ga ta yi sauri ba?"

"Ta yi sauri ƙwarai. Ba ta ɗauke da komai."

"Ba abin da ya ɓace, Baba, gajerun hanyoyi ne kawai. Ran Litinin in na dawo..."

"Ran Litinin ni ba ma'aikaci ba ne."

Ya miƙa wayar. Manaja ya yi gyaran murya ya ce a bar maganar, ba laifin kowa ba ne, a sa hannu a takardar miƙa aiki, yabon kuma a buga shi a shagon da ke ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu a kan cikakku ba alhali babu. Takardar yabon ma a cire jimlar nan. A hannuna suke, a littafina suke, kuma sun ɓace."

"Haba Malam, kai da ba ka nan?"

"Shi ne laifin, ranka ya daɗe."

Ya zauna a kujerar baƙi, wadda bai taɓa zama a kanta ba, ya kifa firam ɗin a cinya. Malama Sauri ta dube shi, ta dubi allon. Sai ta tashi ta nufi durowar katuna, ta zaro kati ɗaya.

"Baba, wannan mene ne?"

"Katin fayil ɗin tayoyi. Kabad na huɗu, layi na biyu. Mayar da shi."

"In na yaga shi fa?"

Ya miƙe tsaye. "'Yata, ajiye katin nan."

"Ba zan yaga ba. Tambaya nake. In na yaga, fayil ɗin tayoyi ya ƙone?"

"Ina ruwan fayil? Yana kabad na huɗu. Sai dai a sha wuyar nema, a yi sabon kati."

"To hotunan nan da kake jerawa katuna ne. Manhajojin suna can ciki, a nasu kabad ɗin. Katunan Injiniya ya yaga."

Kwafi Uku ya koma ya zauna a hankali.

"Katuna," ya ce.

"Katuna, Baba."

"Shekara tara ina yi wa kati kwafi uku."

"Ka ga ko kati bai yi kukan rashin gata ba," in ji Direba. Manaja ya nuna masa ƙofa, Direba ya matsa taku ɗaya ya tsaya.

Malama Sauri ta zauna, yatsunta suka hau aiki. Ta buɗe wani wuri a cikin kwamfutar da Kwafi Uku bai taɓa sanin da shi ba, foldoji jere reras. Cikin minti biyu ta nemo manhajar rubutu, ta yi mata sabuwar gajeriyar hanya, ta sa a jerin. Ta nemo mai akwatunan, ta nemo wasu huɗu. Daga nan hannunta ya tsaya. Sauran tsoffin manhajojin kamfani ne, sunayensu haruffa da lambobi, kuma foldojin sun fi ɗari biyu.

"Mai Takardar Ƙofa, mene ne sunanta na gaskiya?" ta tambaya.

Shugaban lodi ya ce, "Sunanta ke nan." Manaja ya ce shi ma haka ya santa. A ƙasa wata mota ta danna ham.

Kwafi Uku ya jawo kujerarsa kusa da tebur. Ya lashi yatsa, ya buɗe shafi na uku, ya ɗora rula a ƙarƙashin layi. "Lamba goma sha biyu. Sunan da ta zo da shi..." Ya karanto haruffan ɗaya bayan ɗaya, da lambobin. Ga ta nan kuwa. Malama Sauri ta yi mata hanya, ta danna, takardar ƙofa ta buɗe, mutanen lodi suka yi kabbara kamar an ciro yaro daga rijiya.

Haka suka yi ta yi, shi yana karantowa, ita tana nemowa, shi yana sa alama da jan biro. Muryarsa ta dawo daidai tun wajen lamba ashirin. A lamba ashirin da shida har ya gyara mata rubutu. Da suka zo kan Mai Naci ta roƙe shi a bar ta a ɓace, ya ce ba a miƙa aiki da son rai. Kafin azahar an sami arba'in da shida.

Lamba talatin da ɗaya ce ta ƙi. Sunanta Mai Shiru, tana foldar Rufaffu tun shekara bakwai da suka wuce, lokacin da ta daina amsawa. Malama Sauri ta nema da suna, ta nema da rabin suna, ta bi foldojin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, wannan kam babu. Ba katin kaɗai ba, ita kanta ba ta cikin kwamfutar. Da alama ta daɗe da fita."

Ya ajiye jan biron. Wannan ba aikin Injiniya ba ne na jiya. Abu ne ya fita daga ɗakinsa shekara bakwai, yana zaune yana gadin katinsa har kwafi uku.

"Malam, ɗaya ce fa cikin arba'in da bakwai," in ji Manaja. "Ba wanda ya san ta, ba wanda ya taɓa nemanta."

"Jimlar ba ta ce bai ɓatar da abu mai yawa ba, ranka ya daɗe. Cewa ta yi komai."

Ya sake duban layin. Ya bi shi da yatsa har gidan kwanan wata, ya tsaya a nan, leɓɓansa na motsi. Sai ya tashi ya nufi durowar katuna, ya zaro kati, ya wuce kabad na bakwai, ya durƙusa, ya fito da fayil mai ɗaurin zare. Bai yi minti ɗaya ba. Ya kwance zaren, ya zaro takarda rawaya ya miƙa wa Manaja da hannu biyu.

"A karanta, ranka ya daɗe."

Manaja ya karanta a fili. Umarni ne na mayar da tsohuwar firinta zuwa reshen kamfani, ita da wayoyinta da manhajarta da duk abin da ya shafe ta. Kwanan watan ya zo daidai da ranar da Mai Shiru ta yi shiru.

"Sa hannun wa ke ƙasa?"

Manaja ya kai takardar kusa da ido. "Nawa ne."

"To ba ɓacewa ta yi ba. Canjin wurin aiki aka yi mata."

Ya koma kan littafi, ya rubuta hakan a layi na talatin da ɗaya, da lambar wasiƙar. A takardar miƙa aiki ya soke arba'in da bakwai da rula, ya rubuta arba'in da shida, ɗaya an mayar reshe. Saura maganar kwafi uku. Ya dubi Malama Sauri.

"Ɗaya-ɗaya ya isa, Baba. Kati ne."

Ya juya biro. "Sunayen fa?"

"Sunayenka zan bari. In na canza, Manaja ma ba zai iya buga wasiƙa ba."

"Littafin?"

"Shi kam zan yi masa kwafi biyu yau ɗin nan."

Ya soke kwafi uku, ya sa hannu, ya danna hatimi.

Ƙarfe uku aka taru a ɗakin rajista, aka karanta takardar yabon da aka buga a Mai Wasiƙa, jimlar tana nan yadda take. Aka yi tafi. Direba ya nemi a ba shi foldar gobara gado, aka ce ya nemi izinin sabuwar magatakarda, ita kuma ta ce ya rubuto a takarda.

A gida matarsa ta karɓi firam ɗin, ta karanta sau biyu, ta juya bayansa.

"Ina sauran biyun?"

"Suna jaka. Yarinyar nan ce ta ba ni, ban ma tambaya ba."

"To wannan ni zan riƙe, na saba da ta asali." Ta kai shi jikin bango tana gwada wuri, sai ta ga ya kafe takardar da ido. "Malam, mene ne kuma?"

"Ba su sa lamba ba."

Ya karɓi firam ɗin, ya kwance bayansa a kan tebur, ya ɗauko rula da biro. Wasiƙar ƙarshe da ta fita ranar Laraba ya san lambarta da ka, sai ya ƙara ɗaya, ya rubuta a kusurwar sama, a duka ukun.